Matar da Aka Ce Ta Hana Shan Zamzam

A unguwarmu ta Rusaifa, nan garin Harami, in kika ambaci Yaya Raliya, sai an rage murya kafin a ba ki amsa. Wasu su ce hannunta na da albarka. Wasu su ce maganin Indiyawa take yi, kuma ba wanda ya san abin da ake karantawa a kansa. Wata maƙwabciyarta ta taɓa ce mini, "Ni dai ban ce komai ba. Amma mace ta riƙe miki hannu da yatsu uku, ta ce jiya kin cika ciki da shinkafar kabsa? Wa ya gaya mata?" Ni ba mai yawan magana ba ce. Na ji, na adana.

Shekara ashirin da biyu ke nan, in ta idar da Asuba ba ta komawa barci kamar yawancinmu. Takan ɗora tukunya, ta zuba citta da 'ya'yan kamun masu ƙamshi, ta share ɗan falonta da ke hawa na biyu. Da hantsi mata ke fara ƙwanƙwasa ƙofa: mai kumburin ciki, mai ƙwannafi, da wadda al'adarta ta ɗauke wata huɗu ba ciki ba komai. Kafin ki zauna za ta miƙo hannu ta ce, "Ina tahalil?" Takardar gwajin asibiti take nufi. In babu, ta ba ki shayi, ta raka ki bakin bene.

A da, shara da goge-goge Raliya ta yi a wani ƙaramin asibiti. Can ta haɗu da wata nas Ba'indiya 'yar Kerala mai suna Subaida, wadda mahaifinta ke maganin gargajiyarsu da suke kira Ayurveda. Shekara tara suna cin abincin rana a kwano ɗaya, Raliya na tambaya, Subaida na amsawa. Duk mun san Subaida Musulma ce, ai ba a shigowa garin nan sai da shahada. Sanin bai hana mu zargi ba.

Manar, matar mai gyaran firji a layinmu, ta yi shekara biyu tana fama da kasala, gashinta na zuba. Danginta suka ce kambun baka ne. A gaban mata uku Raliya ta shafa mata wuya ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Gobe ki je a duba miki gudda." Haka kuwa gwaji ya nuna, ƙullin nan na maƙogwaro ne ya rage aiki. Har yau Manar na shan ƙwayar da likita ta rubuta mata. Ko a nan sai da aka samu mai cewa, "To ita ta yaya ta sani?"

Shekara shida da suka wuce 'yata Hadil ta shiga hannunta. Tana da ashirin da uku, al'adarta ta rikice, ƙuraje sun cika fuska, ciki kullum a kumbure. Likita ta ba ta magani, ta ce ta gyara cin abinci, ba ta faɗi yadda za a gyara ba. Ƙanwata ce ta kai ta wajen Raliya, ba da son raina ba. Hadil ta dawo tana dariya, har tana kiranta khala, wato inna: "Ya ummi, wallahi wannan khala ba ta da kunya! Har bayan gida sai da ta tambaye ni sau nawa, kuma da ƙarfe nawa!" Raliya ta ce ta ci abinci mai nauyi da Azahar, ta bar ci bayan Isha, ta riƙa tafiya a ƙasa, ta shafa man riɗi kafin wanka, ta ci gaba da maganin likita.

Wata Juma'a a Harami na tsiyayo mata Zamzam mai sanyi na miƙa. Ta kaɗa kai ta ce, "Khala Raliya ta hana." Cunkoso ya raba mu, ni kuma ban tambaya ba. Washegari a wata walima a unguwar Shisha na ce da matan da ke kusa da ni, "Ta hana Hadil shan Zamzam." Ba a saba jin bakina a taro ba, shi ya sa aka yarda. Aka ce ai mai ƙin Zamzam sai mai sihiri.

Kafin mako ya zagayo, Muhsin ƙanin mijina ya tsaya a matakalar gidan Raliya yana ɗaga murya: "Hajiya, ko ki rufe wannan sana'a, ko in kai ƙararki!" A ƙasar nan kowa ya san inda zargin sihiri ke kai mutum. Daga bayan ƙofa ta amsa masa, "Tayyib, na ji. Ka gaida gida." Wata bakwai ƙofar na rufe. Matan da ta yi wa hidima suka koma tsallaka titi in sun hango ta.

Ranar da Hadil ta ji, ta same ni a kicin. "Ummi, mai sanyin ta hana! Daga tulun ƙarshe nake sha, wanda ba a sanyaya ba. Ita da kanta da Zamzam take dafa mini hulba. Wa ya faɗi wannan magana?"

Na ce ban sani ba.

Kunya ce ta fara riƙe ni, amma ba ita kaɗai ba. Na ce a raina, ko wannan bai tabbata ba, wani abu dai akwai. Na zauna ina jiransa. Ina da shekara hamsin da ɗaya na shiga makarantar manya, kuma abin da na fara karantawa ni kaɗai, harafi bayan harafi, takardun da Raliya take ba Hadil ne. Lokutan cin abinci na tarar, da ranar komawa asibiti. Har yau ban gane zancenta na mai jikin iska da mai jikin wuta ba, ba kuma zan rantse cewa man riɗi ne ya daidaita 'yata ba. Na dai ga ta daidaita.

Yaya Raliya, ke ce kika sake buɗe ƙofa ba ki tambayi kowa wa ya fara ba. Ke ce mai cewa "wannan ba nawa ba ne" a lokacin da kowa ke son a ce shi ya warkar. Kin zauna da mata kina tambayarsu abin da ko mazajensu ba sa tambaya. Allah Ya saka miki. Masu tasowa da ke son wannan aiki, ku fara koyon inda saninku ya tsaya, kamar yadda ta yi.

Alhamis ɗin da ta wuce muka taru a falonta, don ta ajiye aiki. Yanar ido ta rage mata gani, ta ce wadda ba ta ganin harshen mara lafiya ba ta da ikon ba shi shawara. Mata na ta yabo, har da waɗanda suka ƙaurace mata. Wata ta ce, "Allah Ya isa tsakaninmu da wanda ya ƙulla miki sharrin nan." Aka amsa da amin. Hadil na gefena, ita ma ta amsa.

Na miƙe tsaye.

Na ce, "Yaya Raliya, ni ce. Ni na faɗa a Shisha, na san ba haka ba ne tun a makon, na yi shiru shekara shida. Ki yafe mini."