Buhunan Ƙaiƙayi

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi ba. A garin Tawa ne, can Nijar, shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, lokacin da aka ce mun samu dimokuraɗiyya amma tukunya ba ta ji labari ba. Ni mai walda ne, ina aiki a wani lambun wasan yara na wani Alhaji da ba zan kama sunansa ba, tunda ya riga mu gidan gaskiya.

Abin da ke jan mutane wurin shi ne babban lilo mai juyawa sama kamar ƙafar keke, da kujeru takwas a rataye. Tsoho ne tun zuwansa, rana da rairayi sun cinye shi, ga kayan gyara sun yi tsadar da Alhaji ko jin sunansu ba ya so. Hannun ƙarfen da ke riƙe kujera ɗaya ya tsage, na liƙe har sau uku, na ce masa wanga ƙarfe ya mutu, sai sabo. Ya ce, "Kai dai shahwa mishi fenti, Allah na tsarewa."

Al'adarmu, kafin kowace Salla ana ɗora buhunan yashi a kujerun a juya lilon, mai dubawa ya gani ya sa hannu. Alhaji ya san hannun nan ba zai ɗauki yashi ba, sai ya sa na cika buhunan da ƙaiƙayin gero. Na cika kuwa, ban ɓoye muku ba, ina da iyali kuma aiki ya yi wuya. Mai dubawa ya zo, ya tsaya a inuwa, ya ga buhuna suna hawa suna sauka, ya sha lemo ya tafi.

Ranar jajibere da azahar an ɗauke wuta, ni kaɗai ne a lambun ina wanke hannu, sai na ji ƙiiiƙ a bayana. Na waiwaya, lilo yana juyawa a hankali, babu wuta, babu iska. Inna lillahi! A kujerar nan mai tsaga ga wata tsohuwa zaune cikin baƙin zane, ta rungume buhun kamar jariri, alhali ƙofa a kulle take kuma makulli yana aljihuna. Da kujerar ta sauko daidai fuskata sai ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Ɗana, ƙaiƙayi ba shi da uwa. Gobe waɗanda za ka ɗora suna da."

Kujera ta hau, ta zagayo, babu kowa sai buhu. Na yi ta maza na je in sauke shi, wallahi tallahi na kasa ɗaga shi, buhun da na ɗauko da hannu ɗaya. Na farke shi da wuƙa, ƙaiƙayi ne ya zubo.

Ban tsaya shawara ba, na ɗauko zarto na yanke hannun ƙarfen nan, na jefar da kujerar ƙasa. Alhaji ya zo ya gani, ya ce, "Mi kaka yi haka? Iskoki sun taɓa ka?" Na faɗa masa abin da na gani, ya kore ni a gaban mutane suna dariya. Kafin magariba ya kawo wani mai walda ya mayar da kujerar, aka shafe da jan fenti.

Rana ta biyu ta Salla hannun ya ɓalle, da wata yarinya 'yar ƙauyen Bambeye a cikin kujerar, wadda kawunta ya kawo yawon Salla. Ba ta mutu ba, amma ƙugunta ya tashi aiki. Kun san abin da aka ce a gari? Wai yankan da mahaukacin mai walda ya yi ne ya raunana ƙarfen. Alhaji ya fita fes, ni kuwa shekara biyu ko ƙafar kujera ba wanda ya kawo mini in liƙe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yau ban sani ba ko gaskiya suka faɗa. Tsohuwar kuma ban sake ganinta ba, ban san ko wace ce ba. Yarinyar ta girma, tana sayar da kuka da kuɓewa a kasuwa, tana jan ƙafa. Ba ta san ni ba, in na wuce har gaishe ni take yi, ta ce Baba.

Don Allah in kun kai 'ya'yanku irin wuraren nan, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ku. Ku nemi mai gyaran wurin, ku ce ya fara ɗora nasa ɗan. In ya sunkuyar da kai, ku kama hannun naku ku koma gida.