Injiniya Sa'adu, Mai Fara Ba Na Ƙarshe Ruwa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Sha'aban, muna cikin albasa aka aiko cewa Injiniya Sa'adu Yari ya rasu a gidansa na Wurno.

Injiniya, kafin a ba ka shugabancin ofishin rabon ruwa na yankinmu, mu da gonakinmu ke wutsiyar magudana sai abin da manya suka rage muke samu. Ruwa ya taso daga madatsar Goronyo, masu shinkafar bakin ƙofar ruwa su sha su ƙoshi, mu a bar mu da laka. Kai ka juya tsarin. Ka rufe ƙofofin gaba, ka ce sai ruwa ya kai gonar ƙarshe sannan a buɗe su. Ka bi magudanar da ƙafarka har gonata, ka tsoma hannu a kwamin albasa, wato fangalinta, don ka tabbatar.

Ina wurin ranar da Alhaji Mode, mai babbar gonar shinkafa, ya tare ka a kan gada yana tambayar ko ka san da wa kake yi. Ka ce masa, "Alhaji, ruwan ga ba nau na ba, ba naka na ba. In albasar mutane ta ƙone, mi za ni ce ma Allah?"

Bai yafe maka ba. Shi da abokansa suka yi ta zarya wajen na sama da kai har aka ɗauke ka daga kujerar, kuma babu ma'aikacinka ko ɗaya da ya buɗe baki.

Jiya na ga Alhaji Mode a tabarmar gaba wajen zaman makoki, yana share ido yana cewa an yi rashin mutumin kirki. Na tashi na bar wurin, don ban yarda da bakina ba. Alhaji, hawayenka ba su jiƙa kwami ko guda ba. Tun da aka cire Injiniya ƙofar ruwanka take buɗe, albasata kuwa ganyenta ya fara kwantawa, ita ce abincin gidana na bana. In da gaske kake kuka, je ka rufe ƙofar.

Injiniya, ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Asabe da 'ya'yanka, Siddiq da Raihana. Allah ya ba su haƙuri, ya isar maka. Allah ya jiƙanka, Injiniya, ya yalwata kabarinka. Ranar da kowa ke jin ƙishirwa, Allah ya sa kana cikin waɗanda za a fara shayarwa.