Mai Faci a Bakin Teku

Duk mai bin babbar hanyar nan ya san Mai Faci. Rumfarsa tana gindin wata bishiya a bakin gari, kayan aikinsa kuwa famfon iska ne da gam da rabin duro cike da ruwa baƙi ƙirin. A ciki yake tsoma tif ɗin taya ya zuba ido, inda kumfa ta taso nan hudar take. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, har furfura ta cinye gemu. Masu manyan babura kan tsaya wurinsa da tanti ɗaure a baya, su cika masa kunne da labarin teku, can bayan iyakar ƙasa. Sai ya yi musu fatan sauka lafiya ya koma kan duronsa.

Ana nan ido ya fara yi masa gardama. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce ganinsa tafiya yake yi kuma ba zai dawo ba. Mai Faci ya tsorata ƙwarai. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ranar da zai tsoma tif ya kasa ganin kumfa, ya koma zaman ɗaki ana miƙo masa abinci.

Ƙaninsa Auta, wanda ya yi jikoki amma har yau ba ya jin magana, ya turo babur ɗinsa ya ce a je a ga tekun nan tun da sauran ido. Matar Mai Faci ta ce in suka faɗi ba ta san tsohon da za ta fara ɗagawa ba. Tana faɗa tana ɗaure musu bargo.

Ashe haka duniya take da faɗi. Wata safiya a kan tsauni Mai Faci ya fito daga tantinsu ya tarar da gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tsaya baki buɗe har shayinsa ya huce. A kan iyaka ya zaci zai ga katanga, sai ga sanda guda a gicciye, da jami'i mai buga hatimi, awaki kuma suna ta wucewa abinsu ba fasfo.

Dab da isa tayar baya ta sace. Suna tura babur Mai Faci ya fara jin wani ruri, iska ta koma gishiri-gishiri. Suka hau tudun yashi, sai ga teku. Ruwa ne har inda ya haɗe da sama, yana tasowa yana kwanciya kamar mai numfashi. Ya zauna a kan yashi yana kallo.

Amma mai sana'a ba ya iya zama. Ya zare tif ya hura, ya waiga babu duro, sai ya naɗe wando ya nufi teku. Auta ya riƙe ciki don dariya.

Ya tsoma. Igiyar ruwa ta zo ta lulluɓe hannuwansa da farin kumfa, ko'ina kumfa, ba a gane ta tif da ta teku. Ya ƙura ido har hawaye suka zubo, bai ga komai ba. Ya ga ranar da yake gudu ta riske shi.

"Yaya, fito mu nemi bokiti," in ji Auta, dariyar ta ɗauke.

Bai fito ba. Ya ɗaga tif ɗin kusa da bakinsa, ya rufe ido, ya riƙa juya shi a hankali. Can sai ya ji wani siririn sanyi yana sosa masa leɓe. Ya ɗora babban yatsa a wurin, sanyin ya tsaya. Ya ɗage, sanyin ya dawo.

Ruwa na dukan ƙaurinsa, idonsa har yanzu a rufe, ya yi murmushi.

"Auta, miƙo gam. Na same ta."