Tavra, Wadda Ta Binne Abinci

Duk zangon nan na bakin teku babu mai sakin hannu kamar Tavra. In ta ɗebo katantanwar teku kwando guda, kafin ta isa bukka ta rabar da rabi. Haka al'adar take, abin da ya shigo zango na kowa ne, kowa ya ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu. Gara a ce wa mutum rago da a ce masa marowaci.

Wata shekara da kaka, Tavra ta kai busasshen kifi wajen baƙin da suka sare daji suka zauna nesa da ruwa. Wata tsohuwarsu ta cika mata jakar fata da alkama, ta yi mata nuni da hannu: a zuba a ƙasa in ƙanƙara ta narke. Tavra ta dawo ta cusa jakar ƙarƙashin shimfiɗa. Ba ta taɓa ɓoye ko ƙashin kifi ba sai ranar.

Sanyin shekarar ya yi tsanani, yunwa ta shigo. Hulme, yayar mijinta, mai hanci kamar na kare, ta bankaɗo jakar a gaban jama'a.

"Ashe ɓera ƙanena ya auro mana?"

"Yaya, ba ta ci ba ce."

"To ta kallo ce?"

"Ta binnewa ce."

"Mu masu baki ba mu ci ba, sai ƙasa?"

Daga ranar sunanta ya koma Ɓera. Abin ya ci mata rai, ta sha kuka, amma jaka dai ba ta saki ba.

Da ƙanƙara ta narke ta tona ƙasa da ƙahon barewa ta binne. Tsiro ya fito shar. Sai ga mijinta Isko, wanda duk sanyin nan bai buɗe baki ya kare ta ba, yana yawo yana cika baki wai matarsa ta haɗa tarkon da ba a taɓa gani ba. Ta tarar da shi kwance bayan itace da baka, barewa biyu na kiwo a shukarta.

"Kana kallo suna ci?"

"Bari su saba tukuna, gobe su zo da 'yan'uwansu."

Da sanda ɗaya ta kori barewa da maharbin, ta kafa shinge.

Zango ya tashi bin kifi, ta zauna gadi ita kaɗai. Da suka dawo, jaka ɗaya ta zama uku. Ta niƙa biyu a dutse, ta dama a tukunya, kowa ya samu. Ta ukun ta dire ta a tsakar zango.

"Wannan ta ƙasa ce. Mai zagi ya zaga."

Hulme ta ce abincin kamar jiƙaƙƙen yashi, ta kuma miƙo kwano a ƙara mata.

Washegari da safe Hulme ta leƙo bukkar Tavra tana waige-waige.

"Ɓera, a ta ƙasar nan, ware min tafi guda, ni ma zan binne. Amma ki ɓoye min a wajenki. Na san halina."

Tavra ta tsufa ta mutu da sunan nan. Tun daga waccan safiyar kuwa, in an kira ta da shi, da fara'a take amsawa.