Hutun da Na Yi wa Tanko Tafinta

Ranar Asabar ce, makon farko na dogon hutu, shekarar da na gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu a Daura duk ta jiƙe, kaji sun raɓe a gindin rumbu suna karkaɗe jiki. Da hantsi aka kawo wuta. Na ji yayana Kabiru ya ƙwala mini kira daga shagonsa da ke kusa da zaure, na bar wanke-wanke na ruga da kumfa a hannuna. Na tarar da shi da Nasiru, ɗan kawunmu, sun haɗa kai a gaban kwamfuta, su biyu a kan benci ɗaya. A fuskar kwamfutar akwai wani mutum tsaye cikin farar rigar 'yan sama jannati, bayansa baƙin sarari cike da taurari, gefensa kuma dogon rubutu da Turanci. "Rabi, zo ki karanta mana, me yake so?" in ji Yaya Kabiru. Na goge hannu a zanena na karanta. Wasan yana so mu raɗa wa mutumin suna, sannan mu zaɓar masa abubuwa uku da zai fara iyawa daga cikin jeri mai tsawo. Muna tsakar gardama aka ɗauke wuta, ko sunan ba mu sa ba.

Kawu Lawal ne ya kawo kwamfutar, ƙanen Inna, wanda ke zaune a Mai'adua yana fatauci ta bakin iyaka a Kongolam. Wani abokinsa ne ya rufe shagon buga takardu ya bar masa ita. Ya ɗauro ta a babur cikin buhu, Nasiru na zaune a baya ya rungume ta tun daga can, ya ce a bar wa Kabiru ya koyi buga rubutu. Nasiru kuma ya zauna mana hutu. Ba wanda ya san da wasa a cikinta sai da Yaya Kabiru ya yi ta danne-danne ya faɗa a kansa. Baba bai hana ba, ya dai ce gona ce gaba. Inna kuwa dokarta ɗaya ce: "Wanda bai gama aikinsa ba, kada in ga ƙeyarsa a shagon nan." Ban taɓa ganin aiki ya yi sauri a gidanmu kamar a wannan hutun ba. Kafin rana ta ɗaga na share tsakar gida, na cika randuna, na surfa gero. Su kuma sun yanko wa awaki ciyawa, sun share turke, sun ba jaki ruwa. Daga nan sai mu riƙa leƙen ƙwan lantarkin zaure, wanda muke bari a kunne don ya zama alama. Wata rana a kawo wuta da hantsi, wata rana sai muna islamiyya, wata rana shiru har magariba. Carafke da 'yar gala-gala da nake yi da ƙawayena a ƙofar gida duk na watsar.

Yaya Kabiru ya girme ni da shekara uku, a lissafi ba na kama ƙafarsa, amma Turanci bai zauna masa ba. Nasiru kuwa ɗan Faransancin da ya tsinta a bakin direbobi ya fi Turancinsa yawa. Ni ce mai karance duk takardar da ta shigo gida, har tsohuwar jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki. Don haka aiki ya rabu da kansa: Yaya Kabiru a kan madannai, Nasiru yana jan linzamin kwamfuta, ni kuma a tsaye a bayansu ina fassara. Mutumin muka sa masa suna Tanko, don Nasiru ya ce tsayuwarsa irin ta wani mai faci ce a garinsu. Abubuwa ukun nan kuma muka raba, kowa ɗaya. Yaya Kabiru ya ɗauki iya harbi ba tare da ya ji sauran jerin ba. Nasiru ya yi ta kai-kawo tsakanin tuƙin jirgi da gyaran inji, ƙarshe ya ɗauki tuƙi. Ni na ce iya magana nake so, wato Tanko ya iya lallashin mutane. Suka bushe da dariya. Nasiru taubashina ne, ba ya raga mini, ya ce, "Yanzu magana ma sai an koya? Ai da mun sa ki a ciki mun huta." Na kafe, suka bar ni.

Kwanakin farko mun sha wahala. Akwai wani abu a jerin mai suna ƙarfin ɗaukar kaya, ba wanda ya kula shi, sai ga shi shi muka fi bukata, domin Nasiru ba ya ganin abu ya bari. Cokali, kofi, tsohon takalmi, duk sai ya cusa wa Tanko, har ya kasa gudu, 'yan fashi suka riƙa tarar da mu muna jan ƙafa. Iya maganata ce ta fara fitar da mu kunya. Wani mai gadi ya hana mu shiga tashar jirage, Yaya Kabiru har ya ɗaga bindiga, sai na ga amsa ta musamman ta fito a ƙasa saboda zaɓina. Aka danna, mai gadin ya kauce. Na kwana biyu ina goranta musu.

A mako na biyu wasan ya kawo mu wani babban birni, inda ƙungiyoyi uku suka aiko a kira Tanko. Akwai rundunar da ke tsaron hanyoyin taurari, akwai ƙungiyar fatake masu kai kaya duniya zuwa duniya, akwai kuma 'yan fasa-ƙwauri da ke ɓoye a bayan wani wata. Na karanta musu cewa ana iya yi wa duka ukun aiki, amma wanda aka fara da shi yana iya ɓata wa sauran rai. Yaya Kabiru runduna yake so, don suna ba da jirgi da sulke. Nasiru ya ce 'yan fasa-ƙwauri sun fi sanin hanya. Ni fatake nake so, kuma ban faɗi dalilina na gaskiya ba. Aikinsu duk ciniki ne da wasiƙu da sasanci, inda sai an juyo an kalle ni kafin a danna komai. Aikin runduna kuwa harbi ne, tsayuwa kawai zan yi ta yi a baya.

Kwana uku ba wuta, muka kai gardamar gona. Lokacin maimai ne, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa, wake ya fara yaɗo. Ina kai musu fura da rana, su ajiye fartanya a gindin gawo mu ɗora daga inda muka tsaya. Baba yana jin mu, a rana ta uku ya ce, "Ku fara da waɗanda suka fi riƙo a rai, masu haƙurin za su jira ku." Da wannan Yaya Kabiru ya janye Nasiru. Aka tsaya a kan runduna tukuna, sannan fatake, 'yan fasa-ƙwauri a ƙarshe. Biyu da ɗaya, na faɗi.

Washegari da hantsi aka kawo wuta, Tanko ya tsaya a gaban kwamandar runduna, wata mace mai furfura da tabo a kunci. Amsoshi uku suka fito. Ta farko rantsuwar shiga ce, ta biyu neman lokaci, ta uku kuma tana cewa ba zan taɓa ɗaukar makami dominku ba. Yaya Kabiru ya tambaye ni wacce ce ta amincewa. Na sa yatsa na nuna ta uku. Ban shirya haka tun daga gida ba, ban kuma yi jinkiri ba. A tunanina za ta ji haushi ne kawai, mu je mu gama da fatake mu dawo in lallashe ta. Nasiru ya danna. Kwamandar ta yi magana gajeriya, ta ce ƙofarta ta rufe ga Tanko har abada. Ni kuwa na ce musu ta ce mu je mu yi wa fatake aiki tukuna don ta gwada mu. Wasan yana ajiye kansa da kansa, kuma wurin ajiya ɗaya ne tak, ba halin komawa baya. A kusurwa na ga 'yar alamar ajiya ta juya ta ɓace.

Mako biyu muka yi wa fatake aiki, kuma ba zan ce ban ji daɗinsu ba. Mun kai iri wata duniya mai jan ƙasa, mun sasanta masu haƙar ma'adinai biyu, mun samo jirgi mai faɗin ciki. Har benci suka matsa mini na zauna a tsakiya. Amma duk bayan aiki ɗaya sai Yaya Kabiru ya mayar da Tanko ƙofar runduna, masu gadi su kore shi, ni kuma in ce sun ce da saura. A karo na huɗu bai tambaye ni ba. Ya buɗe littafin da wasan ke rubuta abin da ya wuce, ya kwafe layi biyu a bayan littafinsa na lissafi, harafi bayan harafi.

Da la'asar na hango shi a gindin bishiyar bedin ƙofar gida da tsohon ƙamus ɗin Baba a cinya, yana bi da yatsa. Ya fi awa ɗaya a wurin. Ina tankaɗe a bakin madafa ya shigo ya tsaya a kaina, ya miƙo littafin, ƙarƙashin kowace kalma ya rubuta Hausarta da fensir.

"Rabi, abin da ta ce ke nan?"

Na ce, "Shi ne, Yaya."

"Kuskure kika yi ko kina sane?"

Na ce ina sane. Sai ya ce, "Mu ba ma gani a wurin nan sai da idonki. Kin san haka." Ya rufe littafinsa ya fita. Bai doke ni ba, bai kai ƙarata wurin Inna ba. Da aka kawo wuta washegari ya ɗauki fartanya ya tafi gona, alhali ba aikin da ya rage a can. Nasiru ya zauna ya ɗan ja linzami, ya ga ba mai tafiyar da Tanko, ya kashe. Ranar ko tsokanata bai yi ba.

Saura kwana tara Nasiru ya koma Mai'adua. Kwana biyu ƙwan zaure yana ci, shago a rufe. Inna ta lura har ta tambaya ko abin ya lalace ne. A rana ta uku na samu Yaya Kabiru yana gyaran ƙotar gatari, na durƙusa na ce a goge komai a fara daga farko, jirgin fatake da duk abin da na samu a ciki. Ya ce ya ji, amma da sharaɗi: kowane layi sai na karanta shi da ƙarfi da Turanci tukuna, sannan in fassara, shi kuma ƙamus na hannunsa. Muka goge. Da aka zo zaɓen abubuwa uku na tsaya a baya, ina jiran a ba wani rabona. Nasiru ya bar tuƙi ya ɗauki ƙarfin ɗaukar kaya. Yaya Kabiru ya danna harbi, sannan da hannunsa ya danna iya magana, bai juyo ba. Tafiya ta zama a hankali ƙwarai, don kalma ɗaya sai ta tsayar da mu minti biyar. Duk da haka, da yake mun riga mun san hanya, a kwana na huɗu muka sake isa gaban kwamandar, shi da kansa ya gano amsar rantsuwa kafin in buɗe baki. Mun yi wa runduna aiki biyu, sai aka yi iska mai ƙarfi ta kayar da falwaya a bakin layinmu. Ba a gyara ba har Kawu Lawal ya zo ya ɗauki Nasiru.

Da aka koma makaranta mun gwada mu biyu sau ɗaya ko biyu, abin bai yi armashi ba. Bazarar da ta biyo baya kwamfutar ta ƙi tashi, aka jefa ta kan rumbu. Yaya Kabiru bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya kai kusan shekara uku duk takardar da na karanta wa Inna, ko ta magani ce, sai ya karɓa ya bi ta da ido. Ban san ranar da ya daina ba.

Da ƙaramar sallar da ta wuce muka haɗu a gida da 'ya'yanmu. Yara bakwai ne a zaure, kowa da waya a hannu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. 'Yata ta fari tana yin wani wasan taurari, ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Na tambaye ta wace ƙungiya za ta fara bi. Ta ce ai ta riga ta kalli bidiyon wani da ya gama wasan, ya jera mata wacce ce farko, wacce ce ƙarshe, da abin da za ta zaɓa tun daga tushe don kada ta yi asara. Cikin minti goma ta gama shawarar da ta ɗauke mu kwana uku a gindin gawo, ba ta nemi kowa ba, ba kuma wanda zai ruɗe ta. Na ce mata ta kyauta. Mu dai ba mu taɓa ganin ƙarshen namu ba, kuma har yau ban nemi sanin yadda ya ƙare ba.