Ranar da Abokin Wasana Ya Yabe Ni

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na ji wani kamfanin sayen fata a Sakkwato yana neman akawu, har da keke za a ba shi. Keke! Lokacin ina aiki a ofishin duba dabbobi na Illela, kullum ina bin bayan shanun da ake korowa daga Ƙwanni. Tun ranar ƙafata ta daina taɓa ƙasa. A hanya ma sai in riƙa murza hannu ina buga ƙararrawar da babu ita.

Na aika da takardar neman aikin. Wakilin kamfanin, wani dattijo Basakkwace, ya aiko cewa zai zo ranar kasuwa, yana so ya ji halina daga bakin wanda muke aiki tare. Shugabanmu ya tafi rangadi wajen Araba. Wanda ya rage shi ne malamin allura, Bayarabe haifaffen Sakkwato. Ni kuwa Bagobiri ne. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawa. Tun da muka haɗu bai taɓa gaishe ni ba tare da ya zage ni ba, ni ma ban taɓa barin masa bashi ba.

Na same shi yana dafa allurai, na durƙusa.

"Don Allah ka aje wasa yini guda. Ka hwaɗi alheri."

"Mi? Bawana ya durƙusa?" Ya yi dariya har da hawaye, amma ya yi alkawari.

Ranar ya sha babbar riga, ya zauna gaban dattijon kamar mai ta'aziyya. Ya ce ni yaron kirki ne, mai gaskiya, mai ladabi. Kowace kalma da ƙyar take fita, sai ka ce yana haɗiyar maɗaci. Ni ina gefe daɗi ya cika ni, har na fara tunanin inda zan riƙa jingine keken.

Sai na ga fuskar dattijon tana sauyawa. Ya dubi zanen da ke kumatuna, ya dubi malamin.

"Kai Bayarabe na, wanga Bagobiri, kuma kana yabonai? Mi yah haɗa ku?"

"Ba komi, ranka shi daɗe."

"A'a. Abokan wasa ba su ladabi sai in sun ɓata. Ba ni ɗaukar mutumin da ko taubashinai ya bar wasa da shi."

Ya fara laluben takalmansa. Ga keke yana tafiya, kuma ni da bakina na kore shi. Malamin ya riƙe alkawari gam, gumi yana keto masa.

Na rufe ido na ce, "Ranka shi daɗe, yi mai haƙuri. Bawan gidanmu na, yau ban ba shi abinci ba."

Wayyo! Kamar an fasa tulu. Malamin ya miƙe, hula ta faɗi.

"Ni? Wanga rago da tunkiya tak kora hak cikin masallaci? Ni nis saye shi da ƙoƙon manja, kuma an cuce ni! In don hwata ta, ya san ta ko cikin duhu, don ba shi da aiki sai shinshina. Sata kau ba shi iyawa, tsoro gare shi!"

Dattijon ya koma ya zauna, yana dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya samu numfashi ya ce in zo farkon wata. Na fita da gudu, na rungumi wani Bafulatani da ban taɓa gani ba.

Ranar tafiya malamin ya raka ni tasha, yana zagina tun daga ƙofar ofis. Da na hau, ya kama hannun yaron mota.

"Ka riƙe min shi da kyau. Kayana na, aro nib ba Sakkwatawa."

Ya buɗe baki zai ƙara wani zagin, muryar ta ƙi fita. Na jira, na jira, har mota ta tashi.