Cokalin Tammo

Shekara goma sha huɗu lambuna yana manne da na Okka Mennenga, shingen waya ne kawai tsakaninmu, kuma ban taɓa shuka karas ba tare da magunanta sun tone wurin sun yi mini kashi a ciki ba. Gara in faɗa tun yanzu, ba na son mage. Ban so su a da ba, yanzu ma ban ce ina son su ba.

Okka 'yar nan ce, a bayan ganuwar da ke tare mana teku aka haife ta. Tun tana 'yar shekara tara take ɓare jatan lande a teburin uwarta, har yatsunta suka lanƙwashe suka zauna a haka. Ta auri Tammo, mai ɗan jirgin kamun kifi, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya bar teku sai suka karɓi fili a lambunan ƙungiyarmu, ya kafa ɗan ɗakin katako a ciki. Maguna marasa gida na bakin tashar jiragen ruwa suka biyo ƙarnin kifin da ke jikin rigarsa, suka tare a ƙarƙashin ɗakin. Bakwai ne lokacin da na san su. Wasu su mutu, wasu su zo, amma duk ranar da ka ƙirga bakwai za ka samu. Okka ce ta faɗa mini haka, na sha ƙirgawa don in kama ta da ƙarya, ban dace ba.

Ƙarfe uku na rana take dafa shayi, kamar kowa. Dunƙulen sukari a gindin kofi, a zuba shayi a kai har ka ji ya yi ƙas, sannan madara mai kauri, ba a juyawa. Cokalin da ke kan faranti aikinsa ɗaya: in ka ƙoshi ka sa shi cikin kofi, matar gida ta daina zuba maka. In ba ka sa ba za ta yi ta zubawa ko cikinka zai fashe. To, Tammo a kan kujerarsa ya mutu shekara tara da suka wuce, yana tsakiyar kofi na biyu, cokalinsa yana kan faranti. Tun daga ranar kofi biyu Okka ke jerawa. Ta sha nata, ta zubar da nasa a gindin itacen tuffa in ya huce, ta sake cika masa.

Na taɓa ce mata, "Ke Okka, ba kya tausayin ganyen shayin nan?"

Ta ce, "Bai ce ya ƙoshi ba, yarinya. Kin taɓa ganin an tashi an bar baƙo da kofi a gaba?"

Shekarata sittin da shida, amma a wurinta yarinya ce ni.

Abin da kowa ya san Okka da shi, bayan maguna, shi ne faɗa a kan shuka. Ba a sa wake ko tumatir a ƙasa sai Sofiya Mai Sanyi ta wuce, wato sha biyar ga watan Mayu, domin hunturu yakan waiwayo a kwanakin nan ya daskarar da raɓa. Duk wanda ya yi gaggawa, Okka za ta jingina da shingensa ta wanke shi tas. Ni kaina ta taɓa sa ni kuka a kan kabewa.

Bazarar bana ta zo da rashin kunya. Tun farkon Afrilu rana ta buɗe, tuffa ta yi fure kafin lokacinta, maza suka tuɓe riguna suna haƙa da jan ƙeya. Iska ba ta motsi, tsuntsaye ma kamar sun rage murya. Ni irin wannan daɗin ba na yarda da shi. A makon nan ne shugaban ƙungiya, Ubbo Freese, ya zo da takarda, yana kauce wa idon Okka. Kwamiti ya yanke cewa ranar da ta bar filin za a kafa tarko a kwashe magunan a kai su kejin gidan dabbobi na birni, sai fa in wani ɗan ƙungiya ya sa hannu ya ɗauki nauyinsu.

Kai tsaye ta miƙo mini takardar ta saman waya.

Na ce, "Ni? Haba tsohuwa! Da me na yi miki laifi?"

Ta kira sunana ta ce, "Gesine, waɗannan ba su san rufi ba. In aka kulle su, mako biyu ba za su yi ba."

"Ki ba Ubbo mana, tunda shi ya iya rubutu."

"Ubbo ko kansa bai iya ciyarwa ba. Ke ce mai baƙin rai, amma ba kya fashin zuwa."

Na ce mata ta nemi wani. Ta ninke takardar ta sa a aljihu.

Ranar ashirin da biyar ga Afrilu na iso na tarar da ita a durƙushe tana binne wake. Okka, wake, a Afrilu! Na tsaya da bokiti a hannu na kasa ajiyewa. Mutane suka riƙa leƙowa ta shinge, kafin azahar rabin lambunan sun fito da tumatir ɗinsu, wai tunda Okka ta shuka ai bana babu sanyi.

Na ce, "Kin haukace ne? Saura mako uku Sofiya ta zo."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Zo ki gani."

Na bi ta cikin ɗakin. Butar shayi na kan ɗan murhunta, kofinta babu komai. Kofin Tammo cike yake, madarar ta kwanta a sama ba ta motsu ba, cokali kuwa yana tsaye a ciki.

"Jiya na fita in zuba wa yaran nan nawa masu wutsiya abinci, da na dawo haka na same shi. Ban taɓa ba."

"Mage ce ta hau teburin."

"To. Wace ce a cikinsu ta iya ɗaga cokali ta sa a kofi ba ta zubar da ko ɗigo ba? Nuna mini ita in ba ta kifi." Ta yi 'yar dariya. "Ya ƙoshi, yarinya. Yana jira in gama nawa mu tashi. Ni kuma ina son in ga waken nan ya fito, shi ya sa ban jira Sofiya ba."

Sai na rufe ta da faɗa, don ni haka tsorona ke fita. Na ce ta je ta ga likita, na ce kaɗaici ne ke taɓa mata kai. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Takardar tana nan."

Daga ranar magunan suka sauya. Ba su ƙara tona mini ko kunya ɗaya ba. Da ƙarfe uku ya yi sai su tsallako waya ɗaya bayan ɗaya, su jeru a bakin hanyar lambuna, su naɗe ƙafafu, su zuba mini ido. Ba kuka, ba lashe jiki. Na watsa musu ruwa, suka matsa kaɗan suka sake jeruwa. Babban muzurun mai yagaggen kunne har gyaɗa kai yake in na wuce, ko kuma ni ce na ga haka. Na fara tafiya gida tun biyu da rabi, ni da ban taɓa gudun kowa a lambun nan ba.

Waken ya fito a kwana na tara, layi biyu, kore shar. Okka ta ɗauko kujera ta zauna a gabansa kamar mai kallon jariri. Ta rame, amma fuskarta a sake take, har tana tsokanata wai karas ɗina ya yi kewar taki.

Ranar sha huɗu ga Mayu iska ta juyo daga arewa, sama ta washe ƙal, sanyi ya fara cizon kunne tun la'asar. Na koma na lulluɓe furannin lambuna da tsofaffin zannuwa. Na ɗaga murya na ce, "Okka, kawo in rufe miki waken nan, sannan ki tafi gida."

Ta ce daga ƙofar ɗakin, "Bar shi, akwai masu rufewa. Ni ma yanzu zan tafi."

Washegari na fito da sassafe, rana ta ɗan ɗago. Lambunan duk sun yi fari fat. Tumatir ɗin Ubbo ya yi baƙi ya kwanta, haka na duk wanda ya kwaikwayi Okka. Da na iso shingenmu sai na ga magunan kwance a jikin layin waken, sun miƙe jiki da jiki daga wannan kai zuwa wancan, gashin bayansu ya yi fari da ƙanƙara. Ganyen waken kuwa ko ɗaya bai yi laushi ba. Suka ɗago kai tare suka dube ni, ba wadda ta tashi.

A kan farar ciyawa akwai sawu daga ƙofar ɗakin zuwa ƙofar lambu, sun nufi ganuwa. Sawun mutum biyu ne, gefe da gefe, ɗaya ƙarami, ɗaya na babban takalmin roba irin na masunta. Babu sawun da ya shigo.

Na tura ƙofar. Okka tana zaune a kujerarta, hannu a cinya, ta yi sanyi tuntuni. Takalmanta suna ƙafarta, a bushe. Kofi biyu ne a gabanta, kowane da cokali a ciki. A gefen teburin da nake zama in na shigo, an ajiye kofi na uku, wankakke, da dunƙulen sukari a gindinsa, cokali a kan faranti. Takardar Ubbo tana ƙarƙashin farantin, da biro a kai. Na taɓa butar, na janye hannu da sauri, don da zafinta.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na zage ta kuma, na ce mata muguwar tsohuwa mai taurin kai. Sannan na zauna na sa hannu a takardar, tun kafin in kira kowa, domin bakwai ɗin nan sun taso sun cika bakin ƙofa kuma na san ba za su ba ni hanya ba sai na yi.

Yanzu filin biyu duk ni ke nomawa. Waken Okka ya yi 'ya'ya har na rasa mai karɓa. Kullum da safe ina zuba abinci a kwano bakwai, ina zaginsu suna ci. Ƙarfe uku in dafa shayi a ɗakin, in sha a kofin da ta ajiye mini. Wani lokaci in na fita na dawo sai in tarar an ƙara cika mini shi, sai in zauna in shanye. Amma cokalin ban yarda in bar shi a teburin nan ba. A aljihun rigata yake, kuma kafin in zauna sai na taɓa na ji yana nan.